Mita: Ma'aunin da Juyin Juya Hali Ya Haifa

Mai sayen atamfa yadi shida a Kantin Kwari, idan an mayar masa da lissafin zuwa mita, abin da ya saya bai cika mita biyar da rabi ba. Fulotin da dillalai ke kira ƙafa 50 da 100 kuwa mita 15.24 ne da 30.48. Waɗannan alƙaluma ba kintace ba ne, domin tun 1959 Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu suka amince cewa yadi ɗaya mita 0.9144 ne daidai, inci ɗaya kuma santimita 2.54. Wato yadin Ingila kansa da mitar Faransa ake auna shi. Ita mitar kuwa tarihinta ya faro ne daga rigimar hatsi da haraji.

Kafin 1789 kusan kowane lardi a Faransa da irin ma'auninsa, kuma suna ɗaya kan ɗauki girma daban daga wannan kasuwa zuwa waccan. Masu ƙasa ne ke riƙe da mudun da ake karɓar hatsin haraji da shi, don haka talaka bai da tabbacin cewa mudun bana shi ne na bara. Cikin koke-koken da jama'a suka rubuta wa sarki a 1789, neman ma'auni guda ya yi ta maimaituwa. A 1791 Majalisar Masana Kimiyya ta Paris ta ba da shawara mai ƙarfin hali: kada a ɗauko sabon ma'aunin daga ƙafar sarki ko hannunsa, a ɗauko shi daga duniya kanta. Mita za ta zama kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin ikwaita, idan aka bi ta Paris.

Ba wanda zai iya taka wannan nisa, sai aka zaɓi a auna wani yanki nasa, daga Dunkirk zuwa Barcelona, a lissafo sauran. A 1792 masana taurari biyu suka fita: Jean-Baptiste Delambre ya ɗauki arewa, Pierre Méchain ya ɗauki kudu, za su haɗu a Rodez. Dabararsu ita ce ta alwatika: a hau hasumiyar coci ko kan dutse, a auna kusurwa zuwa wasu tsaunuka biyu, a yi ta jera alwatika har ƙarshen hanya. Lokacin bai dace da irin wannan aiki ba. Ƙauyawa sun sha tsare Delambre, ganin baƙo da na'urori yana leƙen nesa ana tsakiyar juyin juya hali, yaƙi kuma ya rutsa da Méchain a Sifaniya a 1793. Aikin bai kammala ba sai 1798.

A can Barcelona ne Méchain ya auna matsayin birnin da taurari daga wurare biyu, sakamakon ya ƙi daidaita da ɗan ƙanƙanin bambanci. Ya ɓoye abin, ya zauna da damuwarsa shekara da shekaru, har zazzaɓin shawara ya kashe shi a Sifaniya a 1804 yana ƙoƙarin tsawaita awon. Sai bayan rasuwarsa Delambre ya gano sirrin a cikin littattafansa. Abin tausayi shi ne, ba wannan ne babban tushen kuskuren ba. Duniya ba dunƙulalliya ba ce sumul kamar yadda lissafin ya ɗauka, shi ya sa sandar filatinam da aka ajiye a Paris a 1799 ta gaza da kimanin milimita 0.2. Nisan da aka so ya zama kilomita 10,000 a yau an san ya kai kusan 10,002.

Faransawa ma ba su karɓe ta hannu bibbiyu ba. Napoleon ya sassauta dokar a 1812, sai a 1840 ta zama tilas. A ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu kan Yarjejeniyar Mita, a 1889 aka ƙera sabuwar sanda ta filatinam da iridiyam aka ajiye a Sèvres. A 1960 aka koma ga hasken sinadarin kiriptan, sannan a 1983 aka ce mita ita ce nisan da haske ke ci a sararin da babu iska cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na sakan. A kowane sauyi an kula kada tsawon ya motsa, saboda haka giɓin milimita 0.2 na 1799 yana nan a jikin kowane tef ɗin tela da na magini.