Shuɗiyar ƙasar Kimberley: dutsen da masu haƙa suka guda

1/ Ku matso in ba ku labarin wani dutse. Waɗansu sun gan shi sun ce arziki ya ƙare, suka sayar da filayensu suka tafi. Waɗanda suka saya su suka mallaki kasuwar lu'ulu'u ta duniya. Zaren yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/ Wajen 1867 wani yaro, Erasmus Jacobs, ya tsinci wani ɗan dutse mai ƙyalli kusa da kogin Orange a Afirka ta Kudu. Da aka gwada, daimon ne. Zuwa 1871 dubban mutane sun yi dafifi a kan wani tudu cikin gonar wasu ƴan'uwa biyu masu suna De Beer. Su kam suka sayar da gonar kusan fam 6,000 suka kama gabansu. Sunansu kawai kamfanin ya gada.

3/ Aka yanka tudun fili-fili, kowanne ƙafa 31 tsawo, ƙafa 31 faɗi. Ƙasar sama rawaya ce, mai laushi. Da diga da shebur da rariya ka gama. A wannan shekarar ma Ingila ta haɗiye yankin gaba ɗaya, ta kira shi Griqualand West.

4/ Da rami ya yi zurfi sai rawayar ta ƙare, aka tarar da dutse mai tauri, shuɗi-shuɗi. Mafi yawan masu haƙar sun saba da daimon na bakin kogi, inda in ka kai dutsen ƙasa to shi ke nan. Suka ɗauka nan ma hakan ne. Ga bangon rami yana ruftawa, ga ruwa yana taruwa. Da yawa suka sayar da araha.

5/ To ashe rawayar da shuɗiyar abu ɗaya ne. Ruwa da iska ne suka cinye ta saman har ta ruɓe ta canja launi. Ramin kuwa maƙogwaron tsohon dutse mai aman wuta ne, ya miƙe tsaye zuwa can cikin ƙasa kamar karas.

6/ A 1887 wani masani ɗan Amurka, Henry Carvill Lewis, ya raɗa wa dutsen suna kimbalait, daga sunan garin. A ilimin duwatsu yana cikin rukunin da sinadarin yashi, wato silika, bai kai kashi 45 cikin 100 ba, amma maganiziyam ya yi yawa, cike yake da wani koren ma'adini, olibin. Irin wannan haɗin shaida ce cewa daga ƙarƙashin ɓawon duniya ya taso.

7/ Abin da ya fi burge ni: kimbalait ba ya haifar daimon, dako kawai yake yi. Daimon yana samuwa a zurfin kilomita 150 ko fiye, da yawansa ya haura shekara biliyan ɗaya. Dutsen Kimberley kuwa bai wuce miliyan 90 ba. Ya taso da gudu ne ya kwaso su a hanya. Da a hankali ya zo, da sun rikiɗe sun koma irin baƙin da ke cikin fensir.

8/ Barney Barnato, ɗan talakawan Landan, ya yarda da masu cewa arzikin yana ƙasa. A 1876 ya sayi fili huɗu, ya ci gaba da saye. Cecil Rhodes ma yana ta tarawa a ɗaya ramin. A 1888 suka haɗe aka kafa De Beers Consolidated Mines, cakin da aka rubuta na sayen ramin Kimberley ya kai fam 5,338,650.

9/ Shuɗiyar ƙasa tana son injin da jari, don haka ƙaramin mai haƙa ya mutu murus. Shanya ta ake yi a fili wata da watanni, rana da ruwa su farfasa ta, kafin a wanke.

10/ Wa ke haƙar? Baƙaƙen fata, Pedi da Sotho da Tsonga da sauransu. Tun 1872 aka tilasta musu yawo da takardar izini. Daga 1885 aka fara kulle su a gidajen da aka kewaye, ba fita sai kwantiragi ya ƙare. Kafin a sallami mutum a tsare shi kwanaki, a caje shi tsirara, a jira ya yi bayan gida ko ya haɗiye dutse. Wannan tsarin ne ma'adinan zinare na Johannesburg suka ɗauka, daga baya mulkin wariyar launin fata ya gina a kansa.

11/ Duk wannan wahalar, ba wanda ya san yadda cikin daimon yake sai 1913. William Bragg da ɗansa Lawrence suka haska shi da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, suka gano kowace ƙwayar kabon tana riƙe da guda huɗu ta kowace fuska. Shi ya sa ba ya karcewa. A baƙin fensir kabon ɗin ne dai, amma shimfiɗe yake falle-falle, yana zamewa a takarda. Suka samu kyautar Nobel a 1915.

12/ An rufe Babban Ramin a 1914, bayan an fitar da kilo 2,722 na daimon. Zurfin da aka haƙa daga sama ya kai mita 240, da hannu. Yanzu koren ruwa ne kwance a ciki, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto a bakinsa.