Lanƙwasar da Ta Ɓata a Waya: Shin Kamfanonin Manhaja Suna Jin Roƙonmu?

Yayana ya karanta Hausa a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Lokacin da ya kammala kundin bincikensa ina ƙaramar sakandare, kuma ni aka ba aikin ƙarshe. Ya kai kundin wani shagon buga takardu a cikin gari, aka buga, aka dawo da shi fes, sai dai babu ƙ ko ɗaya a ciki, babu ɗ, babu ɓ. Sai ya miƙo mini baƙin biro, na zauna a kan tabarma ina bin shafi bayan shafi ina yi wa haruffa lanƙwasa da hannu. Inda na tsallake, "baƙi sun iso" ya zama "baki sun iso". Na tambaye shi me ya hana mai shagon bugawa daidai, ya ce kwamfutar ce ba ta da su. Na ce to me ya hana a faɗa wa masu ƙera ta? Dariya kawai ya yi.

Mai karatu, wataƙila kai ma ka taɓa yin irin wannan tambayar. Ka ga wani abu da ya kamata a ce manhajar wayarka tana yi, ka shiga inda aka ce a rubuta ra'ayi, ka rubuta, shiru. Ni ma na taɓa aika wa wani kamfani roƙo a kan waɗannan haruffa, amsar da ta dawo cikin minti guda ta nuna mini cewa na'ura ce ta karanta, ba mutum ba. To shin suna ji kuwa? Tarihin lanƙwasar nan tamu ya isa ya ba mu amsa, don roƙo ne da ya girmi kwamfutar kanta.

Da Turawan mulki suka fara rubuta Hausa da boko, sun ci karo da sautukan da babu su a Ingilishi. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, kuma a wancan zamani ɗigo ake sawa ƙarƙashin harafi ko alama a gefensa. A shekarun 1930, zamanin Rupert East a hukumar talifi ta Zariya, aka koma ga haruffa masu lanƙwasa. Littattafan makaranta da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, su suka yaɗa su har suka zauna. Maɗaba'a tana iya sa a zuba mata sabon harafi na ƙarfe. Akawun ofis kuwa tafiretarsa daga Ingila ta zo, kuma wanda ya ƙera ta bai san da zaman ƙ ba. A shekarun 1980 an tsara haruffa 33 na bai-ɗaya don harsunan Nijeriya da niyyar a samu tafireta da za ta ɗauke su duka, amma kafin abin ya kai ko'ina kwamfuta ta shigo ta ture tafireta gefe.

A nan ne labarin ya ɗauki wani salo mai ban mamaki. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin farko da ya yaɗu, ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 kawai gare shi, kuma Ingilishi ya cinye su. Amma da aka fitar da Unicode a 1991, tsarin da ke ba kowane harafi na duniya lambarsa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk suna ciki tun farko. Ba don wani ɗan Gumel ya rubuta wasiƙa ba. Akwai wani ma'auni na ƙasa da ƙasa na 1983 da aka yi don ɗakunan karatu su iya rubuta sunayen littattafan Afirka, ga kuma haruffan masana ilimin sauti, daga nan aka kwaso su. Ma'ana, ranar da nake zaune da biro a kan tabarma, haruffan sun yi wajen shekara ashirin da samun lambarsu.

To me ya hana? Harafi sai ya tsallake ƙofa uku kafin ya iso idonka. Sai yana da lamba. Sai wanda ya zana zubin haruffan da kake amfani da shi ya zana shi, in ba haka ba ɗan akwati za ka gani a wurinsa. Sannan sai akwai maɓallin da za ka danna ya fito. Ƙofar farko ta hukumar ma'auni ce, kuma ta buɗe da wuri. Biyun ƙarshe na kamfanoni ne, kuma a nan aka daɗe ana jira. Sai a ƙarshen shekarun 2000 Microsoft ya sa allon madannai na Hausa cikin Windows, kuma ko da ya sa, yana ɓoye can cikin saituna. Mai shagon da ya buga wa yayana kundi mai yiwuwa yana da shi bai sani ba.

Wayar salula ta ƙara dagula lamarin, ta hanyar da ta taɓa aljihu kai tsaye. Layukan GSM sun fara aiki a Nijeriya a 2001. Saƙon tes guda yana ɗaukar bit 1120. Idan ka tsaya kan haruffan da tsarin ya tanada, waɗanda aka zaɓa don harsunan Yammacin Turai, kowane harafi bit 7 yake ci, ka ga 160 kenan. Da zarar ka saka harafi ɗaya da ba ya cikinsu, kamar ƙ, sai saƙon duka ya koma tsarin bit 16, ya rage maka harafi 70. Saƙon da za ka biya kuɗin guda sai ka biya na biyu ko uku. Yawancin wayoyin lokacin ma ba su da harafin, amma ko mai shi ai ba zai yi wa kansa wannan asara ba. Haka muka tashi muna rubuta "kasa" muna nufin ƙasa, muna barin mai karatu ya gane daga zance. Duba sunayen mazaɓun Sule Tankarkar a takardun hukuma: Ɗanladi, Ɗanzomo, Ɗangwanki, duk da D mara lanƙwasa za ka same su.

Ka lura da tarkon da wannan ya haifar. Kamfani ba ya auna buƙata da yawan wasiƙun roƙo kawai, yana auna ta da abin da ya ga mutane suna yi. Ya duba rubutun Hausa a intanet, ya ga mafi yawansa babu lanƙwasa, sai ya ɗauka ba mu damu ba. Mu kuma mun daina sa ta ne don ba a ba mu ita ba. Har yau wannan yana bin mu: manhajar fassara da mai gyaran rubutu daga wannan rubutun suke koyo, shi ya sa wani lokaci za ka rubuta ƙafa daidai wayar ta "gyara" maka ta koma kafa.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ake yi wa haka. A watan Agustan 2007 wani mai amfani da Twitter, Chris Messina, ya ba da shawarar a riƙa sa alamar # don haɗa saƙonni masu magana ɗaya. Kamfanin bai karɓa ba. Mutane suka ci gaba da yi da kansu, musamman lokacin gobarar daji a San Diego a watan Oktoban shekarar, sai a 2009 kamfanin ya mayar da alamar abin dannawa. Maɓallin gyara saƙo kuwa shekaru aka yi ana roƙo, bai zo ba sai 2022, kuma ga masu biyan kuɗi aka fara ba shi. Microsoft ya cire maɓallin Start a Windows 8 a 2012, aka yi ta ƙorafi, ya dawo da maɓallin a 2013, ya dawo da jerinsa a Windows 10 a 2015. Wannan kam ya yi sauri, don masu ƙorafin su ne manyan masu saye.

A gida ma mun ga irin wannan saurin. Je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka tsaya a kara ka kalli dillalan shanu da raƙuma. Da yawa suna riƙe da layi biyu, na Nijeriya da na Nijar, wasu kuma layukan kamfani biyu don inda wannan ya ɗauke wancan yana kamawa. Da can waya biyu ake ɗauka, ko a riƙa cire batir ana sauya sim. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel, wanda aka kafa a 2006, ya gina kasuwarsa a Afirka kan waya mai sim biyu da batir mai daɗewa, ya sa harsuna irin su Hausa da Suwahili da Amhara, ya kuma gyara manhajar kyamara don ta fito da fuskar mai baƙar fata da kyau. Zuwa 2017 ya fi kowane kamfani sayar da wayoyi a nahiyar. Babu dillalin da ya cike fom ɗin roƙo. Kamfanin ne ya zo ya duba, don bai da wata kasuwar da ta fi wannan.

Manyan kamfanonin Amurka sun zo daga baya, lokacin da kasuwannin Turai suka cika suka fara neman sababbin mutane. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a Disambar 2013, tare da Yarbanci da Ibo. Facebook ya samu Hausa a 2016, shekarar da Mark Zuckerberg ya zo Legas. Amma a san cewa tun wajajen 2008 tsarin Facebook shi ne ya buɗe wa masu amfani ƙofa su fassara da kansu, su kaɗa wa juna ƙuri'a kan kalmar da ta fi dacewa. Wato kai ka roƙa, kai kuma za ka yi aikin, kyauta. Ni dai ina ganin akwai abin dubawa a nan, ko da yake ba zan ce a ƙi yi ba. A ƙarshen 2018 Google ya sanar da cewa allon rubutunsa na waya, Gboard, ya kai harsuna 500. Hausa tana ciki, kuma a nan ne lanƙwasa ta iso yatsan talaka, shekaru da dama bayan ta samu lamba.

Misalin da ya fi burge ni na maƙwabtanmu Fulani ne. A 1989 wasu yara biyu 'yan'uwa a Gini, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙiro wa Fulatanci rubutu, Adlam. Ba su tsaya roƙon kamfani ba. Sun koyar da mutane, sun rubuta littattafai da hannu, rubutun ya yaɗu a kasuwanni. Daga baya suka haɗu da wani shiri na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley mai taimaka wa rubuce-rubuce shiga Unicode, aka shirya takardar neman shiga da hujjoji: ga haruffan, ga masu amfani da su, ga littattafan. Adlam ya shiga a 2016, Microsoft ya sa shi cikin Windows a 2019. Shekara talatin kenan daga ƙirƙira. Ajaminmu ma ta wannan hanyar yake bi a hankali: a 2016 aka ƙara fa'un da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu da almajiri ke koya a allo, a 2020 aka ƙara wasu haruffan da Hausa ke buƙata. Duk ta hanyar takarda mai ɗauke da hotunan rubuce-rubuce na gaske aka samu, ba ta akwatin ra'ayi ba.

In ka tambayi injiniyan manhaja zai ce maka ba ƙeta ba ce. Kowane sabon abu sai an rubuta shi, an gwada shi a ɗaruruwan nau'in wayoyi, sannan a ci gaba da kula da shi muddin manhajar tana raye. Roƙo dubbai ne, ma'aikata kaɗan, dole a jera. Gaskiya ne. Amma wa ke jerawa, kuma da wane mudu? Roƙon da ya zo da kuɗi a bayansa, ko da adadin mutanen da za su gudu in ba a yi ba, ko wanda wani ya riga ya yi rabin aikin, shi ke hawa sama. Roƙon malamin firamare a Gagarawa da ke son ɗalibansa su ga ɓera da lanƙwasarsa ba ya zuwa da ko ɗaya daga cikin ukun, sai in ya haɗu da na wasu dubbai a wuri guda.

Yanzu dai ƙ tana wayarka. Shiga saitunan allon rubutu ka ƙara Hausa, in ba ka gan ta a fili ba ka danne k na ɗan lokaci za ta fito, haka ɗ da ɓ. Sai dai dillalin Maigatari ya riga ya wuce wurin. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, shi magana yake yi ya aika, ciniki ya faɗa, babu ruwansa da harafi. A ƙarshen 2024 WhatsApp ya fito da hanyar mayar da saƙon murya rubutu, don wanda ke cikin hayaniya ko mai matsalar ji ya karanta. A cikin hayaniyar kara ranar kasuwa babu wanda ya fi shi buƙatar wannan. Hausa ba ta cikin harsunan da aka fara da su.