Yadda tsarin SDN ke rage cunkoso a hanyoyin intanet

Duk saƙon da aka aika ta intanet sai an daddatsa shi zuwa ƙananan ƙunshi, waɗanda ke ratsa na'urori da dama da ake kira rauta kafin su isa inda aka nufa.

Bisa tsohon tsari, kowace rauta ita ke yanke wa kanta shawarar inda za ta miƙa saƙon, kuma galibi takan zaɓi hanya mafi kusa ne, ta amfani da wani lissafi da masanin ƙasar Holand, Edsger Dijkstra, ya wallafa a shekarar 1959.

Matsalar ita ce idan kowa ya bi hanya mafi kusa, sai ta cushe, alhali ga wasu hanyoyin babu kowa a kansu.

Saboda gudun cunkoso da kuma tsinkewar layi ba zato, kamfanonin sadarwa sun saba amfani da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari kacal na ƙarfin manyan layukansu. Wannan kuwa ba ƙaramar asara ba ce, ganin irin maƙudan kuɗin da shimfiɗa waya a ƙarƙashin teku ke ci.

Tsarin da ake kira SDN a taƙaice ya karɓe ikon yanke shawara daga hannun rautoci, ya danƙa shi ga manhaja guda wadda ke hangen dukkan hanyoyin a lokaci ɗaya. Ita ke raba saƙonni a kan layuka daban-daban, har da masu ɗan nisa, su kuma na'urorin nasu bin umurni ne kawai.

Tsarin ya samo asali ne musamman daga Jami'ar Stanford ta Amurka, inda a shekarar 2008 Farfesa Nick McKeown da wasu masana suka gabatar da OpenFlow, wato ƙa'idar da manhajar ke bi wajen bai wa na'urorin umurni.

Kamfanin Google ne ya nuna cewa abin ya wuce ɗakin gwaji. A shekarar 2013 injiniyoyinsa suka wallafa bayani a kan B4, hanyar da ke haɗa cibiyoyin ajiye bayanan kamfanin a nahiyoyi daban-daban, inda suka ce amfani da layukan ya kai kimanin kashi 70 cikin ɗari, wasu ma kusan ɗari bisa ɗari.

To sai dai ba kowa ne zai iya kwaikwayon haka ba. A wancan lokacin, yawancin abin da ke bin B4 kwafin bayanai ne da Google ke aikawa daga wannan cibiya zuwa waccan, wanda ba wata illa idan an ɗan jinkirta shi domin saƙon gaggawa ya wuce. Kamfanin da ke ɗaukar saƙonnin jama'a kuwa ba shi da iko a kan abin da za su aiko ko lokacin da za su aiko shi.

Haka kuma tattara iko a wuri guda na da haɗarinsa. Injiniyoyin sun ba da labarin wata katsewa da ta auku bayan da aka yi kuskuren bai wa wata sabuwar na'ura lambar shaida iri ɗaya da ta wata da ke kan aiki, lamarin da ya rikita manhajar da ke ba da umurni.

Tun farko dai Google bai yi watsi da tsohon tsarin ba: ya bar shi yana aiki a ƙarƙashin sabon, ta yadda idan manhajar raba saƙonnin ta samu matsala, za a iya kashe ta, saƙonni su koma bin hanya mafi kusa.