Lambunan Dessau-Wörlitz a Jihar Saxony-Anhalt

Tsakanin garuruwan Dessau da Wittenberg, a gaɓar kogunan Elbe da Mulde, lambunan Dessau-Wörlitz ke shimfiɗe a yanki mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 142. Yarima Leopold na uku na Anhalt-Dessau ne ya ƙirƙiro su a ƙarni na 18 bayan ziyararsa Ingila, kuma tun farko ya buɗe ƙofofinsu ga talakawansa, abin da ba kasafai sarakunan zamanin ke yi ba. Maziyarta kan zaga tafkin Wörlitz cikin kwale-kwale har zuwa wani dutse mai aman wuta, wanda, abin mamaki, ginin ɗan Adam ne. A shekara ta 2000 hukumar UNESCO ta shigar da yankin cikin wuraren tarihi na duniya, amma shekaru biyu kacal bayan haka ambaliyar ruwa ta malale lambun Luisium da ke cikinsa.