Ranar da banki ya koma mai shago

1/ Jama'a, a Amurka in ka buɗe sabon asusu ta intanet ka zuba kuɗin farko da kati, bankin ne ke biyan ladan cirar kuɗin, kamar kowane mai shago. Ku biyo ni mu ga asalin abin.

2/ A 1958 Bank of America ya aika wa mutanen Fresno ta jihar Kalifoniya katin bashi kusan 60,000, ba wanda ya nema. BankAmericard ke nan, wanda ya koma Visa a 1976. Tsarinsa: mai shago ya karɓi kati, a yanke masa wani kaso, mafi yawansa ya tafi wa bankin da ya ba da katin.

3/ To, mai shago yana da ribar kaya da zai toshe wannan giɓin. Banki fa? Dala 100 ka zuba, dala 100 zai rubuta maka, ladan kuma daga aljihunsa. Da katin bashi yakan kai wajen kashi 2 cikin 100.

4/ Masu wayo suka gane: su cika sabon asusu da katin bashi, su kwashi tukuicin katin, su mayar da kuɗin su biya bashin. Ni ban ga laifinsu ba. Shi ya sa bankuna da yawa suka sa iyaka, wasu suka hana.

5/ Akwai hanya mai araha, ACH, tura kuɗi daga banki zuwa banki, tun 1972. Sai dai takan ɗau kwanaki, sabon kwastoma kuwa ba ya son jira.

6/ A 2010 Sanata Dick Durbin ya cusa gyara cikin dokar Dodd-Frank. Daga Oktoban 2011 ladan katin cirar kuɗi ya sauko daga kimanin santi 44 zuwa santi 21 da ɗan ƙari, ga bankunan da kadararsu ta kai dala biliyan 10. Katin bashi ba a taɓa shi ba.

7/ Bank of America ya ce zai riƙa cajin dala 5 duk wata. Aka yi masa ca, ya janye. Duk da haka ranar 5 ga Nuwamba 2011 mutane suka yi gangamin komawa ƙungiyoyin adashi da lamuni.

8/ Wanda ya buɗe asusu a can da tsohon katinsa, ƙungiyar ce ta biya ladan, kuma bankin da ya baro ne ya karɓa.