Cutar Pott

Cutar Pott ita ce tarin fuka idan ya kama ƙashin baya. Sunan ya samo asali daga Percivall Pott, likitan fiɗa na Ingila da ya bayyana ta a 1779. Ƙwayar cutar kan cinye ƙasusuwan ta gaba har su rufta, mutum ya yi doro. Idan mugunya ta danne laka kuwa, sai ƙafafu su shanye.

A 1956 likitocin fiɗa Hodgson da Stock suka ɓullo da fiɗa ta gaba a Hong Kong: a kwashe ruɓaɓɓen ƙashi, a dasa lafiyayye. Amma gwaje-gwajen Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya a Koriya da Bulawayo sun nuna magani kaɗai na warkar da galibin masu ita. Yanzu ba a cika fiɗa ba sai laka ta shiga haɗari ko doron ya tsananta.