Burtali da Filin Idi: Tarihin Filayen Jama'a a Dawanau

Kafin kasuwar hatsi ta sa sunan Dawanau ya kai Nijar da Chadi da Kamaru, garin yana cikin karkarar da ta kewaye birnin Kano, inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna yadda manoma ke noma fili ɗaya kowace damina ba tare da ya mutu ba: jakuna su kai itace birni, su komo da mangalar taki, dabbobi su ci harawa da kara, kashinsu ya koma gona. Abin lura shi ne, a inda ƙasa ta yi wannan tsada, mutane sun bar wasu wurare ba su sa musu garma ba. Akwai burtali da aka shinge da aduruku ko cediya don shanu su wuce zuwa mashaya, akwai makiyaya, da kududdufin da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, da filin idi, da maƙabarta, da dandali. Manomin da ke faɗa da maƙwabcinsa a kan kunya ɗaya bai bar waɗannan filaye don sakaci ba. Ya san gonarsa ba ta rayuwa sai da su.

Babu takardar da ta tsare waɗannan wurare. Abin da ya tsare su amfani ne na yau da kullum, da sanin mai unguwa da dagaci, da kunyar da mutum zai sha in aka ce ya ci burtali. Doka ce ta sauya wannan tsari sannu a hankali. Dokar Turawa ta 1910 ta sa ƙasar Arewa a hannun gwamna don amfanin 'yan ƙasa, dokar 1962 ta Jihar Arewa ta bi sawunta, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a wuyan gwamnanta a matsayin amana. A ƙarƙashinta, da zarar an ayyana wuri a cikin birni, ikon rabonsa ya bar ƙaramar hukuma ya koma gidan gwamnati, diyya kuma ana biyan ta ne a kan gini da amfanin gona da itatuwa, ban da ƙasar kanta. To filin da ba gini a kansa, ba shuka, ba mai takarda, shi ne mafi arha ga mai son karɓa. Wannan ne ya sa filin jama'a yake fara tafiya kafin gonar kowa.

Birnin Kano ya riga ya nuna inda hanyar take ɓullewa. Ganuwar da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta zamanin Sarki Rumfa, ta kewaye gonaki da fili mai yawa, har Baturen matafiyi Barth da ya zo a 1851 ya tarar da babban ɓangaren cikin birni ba gidaje. Yau an cike kududdufai an yi gini, an ci gindin ganuwar kanta. A mulkin Gwamna Abdullahi Ganduje aka yanka shaguna a Filin Idi, aka kuma bayar da filin otal ɗin Daula ga masu zuba jari. A watan Yuni na 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da aka yi a wuraren biyu. Babbar kotun tarayya ta yanke wa masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane gefe mutum yake a siyasa, lissafin ɗaya ne: jama'a sun rasa fili, 'yan kasuwa sun rasa jari, baitulmali ya biya.

Za a ce Dawanau ba ta da bakin kuka, tunda arzikinta a kan gonakin da aka sadaukar ya tsaya. Gaskiya ne. Tun da aka kafa kasuwar a 1985, riɗi da zoɓo da wake da gero da tsamiya sun samar wa dubban 'yan dako da dillalai da masu awo abin yi, kuma ba mai hankalin da zai so a mayar da hannun agogo baya. Sai dai kasuwa fili ce da kowa ke shiga ya nemi abincinsa, mai tirela da mai baro duka. Rukunin gidaje ko sito da mutum ɗaya ya zagaye da katanga ya sa maigadi wani abu ne daban, ko da an kira shi ci gaba. Za a kuma ce birni dole ya faɗaɗa, mutane suna neman muhalli. Wannan ma gaskiya ne, amma unguwannin awon igiya da suka bi hanyar Katsina sun nuna abin da ke faruwa in an yanka fuloti ba a bar komai ba: ba hanyar ruwa, ba wurin makaranta, ba inda za a binne mamaci, kuma ruwan da kududdufi ya saba shanyewa sai ya shiga ɗakunan mutane. Ita kanta kasuwar tana buƙatar sarari, don manyan motocin da ba su sami wurin tsayawa ba a kan titi suke kwana.

Abin da ya rage na burtali da makiyaya da filayen idi a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, inda Dawanau take, har yanzu dattawa sun san iyakarsa. Aikin da ke gaban ƙaramar hukuma da hakimi da ƙungiyar 'yan kasuwar Dawanau shi ne a auna su, a yi musu takarda da sunan al'umma, a kuma sa sharaɗin cewa ba za a sauya amfaninsu ba sai an zauna da mutanen unguwar a fili, tun waɗanda suka san inda shingen adurukun ya bi suna raye.